Yayyena Biyu, 'Ya'yan Samanja

Bara na je Kontagora bikin wata jikanyar danginmu, na ce wa direba ya bi da ni ta tsohuwar unguwarmu. Sau biyu muka wuce gidan ban gane shi ba. An rushe zauren, ɗakin da ke gefensa kuma an fasa masa ƙofa ta waje, wani magidanci na zaune ciki yana yi wa mutane cajin waya, kiɗa na tashi daga lasifika. Na sauko na tsaya ina kallo, har ya taso ya ce, "Hajiya, caji za a sa?" Na ce a'a, ɗakin kawai nake kallo. Ya waiga ya kalli ɗakin shi ma, bai ga komai ba sai wayoyi. Ni kuwa gadajen ƙarfe biyu nake gani, da taga ƙarama mai kallon gabas. Ɗakin yayyena ne, su biyu, kuma yau ba na jin a duk garin za a samu mutum biyar da ke tuna fuskarsu.

Gidanmu gidan soja ne tun kafin a haife ni. Kakanmu ya yi wa Turawa soja, ya ɗauki bindiga har ƙasar Kamaru. Baba ya gaje shi, ya je yaƙin Bama, ya dawo da muƙamin samanja da wata gwiwa da ke hana shi sakat duk lokacin da damina ta faɗi. Ba mai kiran sunansa a gari, Samanja kawai ake cewa. Ya bar aiki amma aikin bai bar shi ba. Da an sallame sallar asuba zai tsaya tsakar gida ya yi gyaran murya sau ɗaya, ya ce, "Duk wanda rana ta fito ta same shi kwance, ba shi da lafiya ne, a jiƙa masa maɗaci." Ba wanda yake son maɗacin nan, don haka kafin kaji su sauko an share gida. Yakan bi sharar da ido kamar yadda ake duba fareti, ya nuna ɗan ganyen mangwaro guda da sandarsa. Jikokina yanzu sai rana ta take suke miƙa, waya a hannu tun ido bai gama buɗewa ba, in na yi magana su ce Kaka ta fara.

Kontagorar wancan lokaci da kunne ake sanin ƙarfe nawa. Da sassafe amon turame ne daga kowane gida, wani na amsa wa wani. Da hantsi matan Fulani ne ke shigowa da ƙwaryar nono suna kira da muryar nan tasu mai ja. Ranar kasuwa kuwa tun daga nesa za ka ji Kambari da Dukawa na shigowa da dawa da doya da itace, suna ciniki da Hausar da kowa ya murɗa ta yadda harshensa ya ba shi, kuma a fahimci juna sarai. In lorin Zungeru ya danna ham daga bakin gari, an san azahar ta kusa. Mu 'yan mata aikinmu rafi ne da daka da tsinto 'ya'yan kaɗanya in damina ta kama, Inna ta tara ta yi man kaɗe. Yanzu inji ke niƙa, babura ke ihu, sa'a ɗaya ba ta da bambanci da 'yar'uwarta.

Mu uku Inna ta haifa da suka rayu. Yaya Babba, sunansa Muhammadu, shi ne na fari. Dogo ne, mara yawan magana, tafiyarsa ma ta Baba ce, in ya shigo gida har kaji sukan natsu. Yaya Ƙarami, Sani, ya bi masa da shekara uku, kuma ba su haɗa komai ba sai kamar hanci. Shi mai dariya ne, mai tsokana, hannunsa kullum da ƙasa. Da an ba su hutu daga makarantarsu ta Bida, sai ya ɗauki keke ya nufi gonar kawunmu a Kaboji, ba a sake ganinsa sai ya yi baƙi ƙirin. Burinsa ya zama malamin gona. Baba yakan ce masa "manomi" cikin wasa, amma wasan yana da ɗan kaifi, kowa na ji. Ni ce auta, da tazara mai yawa. Baba ya sa ni makarantar boko lokacin da ba a cika sa mata ba, domin a cewarsa ya ga ƙato a bariki yana ba wani wasiƙar matarsa ya karanta masa, ya rantse ba za a yi wa jininsa haka ba. Amma wanda ya zaunar da ni har baƙi ya shige ni, Yaya Ƙarami ne, da tsinke yana rubutu a ƙasa gindin mangwaro.

Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya Babba ba, saboda kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. "Yaron nan" take cewa, ko "wancan." In ya gaishe ta sai ta kau da kai ta amsa wa bango. Amma duk ranar da zai koma makaranta, ƙullin kilishi da dakuwa mafi girma nasa ne, ta miƙo mini ta ce, "Kai wa wancan, kada ki ce ni na bayar." Matan yanzu suna ɗaukar ɗan fari hoto suna watsa wa duniya, ban ce laifi ba ne. Sai dai na ga so iri biyu a rayuwata, kuma na ɓoyen nan ya fi nauyi a ƙirji.

Abin da ke cin Baba a rai guda ne. Yakan ce, "Shekara ashirin da biyu ina sara wa yaran Turawa da na isa in haife su, don kawai suna da anini a kafaɗa." Anini shi ne tauraron nan da hafsoshi ke maƙalawa. Da aka samu 'yancin kai, aka shiga makarantu ana neman yara masu ilimi a yi musu horon hafsa, Yaya Babba bai ma jira an tambaye shi ba. Ya tafi Kaduna, daga can aka tura shi ƙasar waje, ya dawo da anini a kafaɗa. Ba zan manta ranar ba. Ya shigo zaure zai durƙusa ya gaida Baba, sai Baba ya miƙe da gwiwarsa mai ciwo, ya ƙame, ya sara masa. Yaya Babba ya rasa inda zai sa kansa, ya ce, "Baba, don Allah." Baba ya ce, "Ba kai na sara wa ba, kafaɗarka na sara wa. Yanzu durƙusa ka gaida ubanka." Duk zauren aka fashe da dariya, Baba na yi yana share ido da bakin rawani.

Tun daga nan gugar kakinsa ta zama tawa duk lokacin da ya zo hutu. In jiƙa rogo in tace in dama sitaci, in tsoma kakin in shanya, in hura gawayi a dutsen guga, ina busa toka kada ta ɗiga. Sai wando ya iya tsayawa da kansa sannan Baba zai gyaɗa kai. Har yau in na ji ƙamshin tufa mai zafi ƙarƙashin dutsen guga, sai in ji kamar zan waiga in ga Yaya Ƙarami jingine da ƙofa yana cewa, "Auta, ni ma goge mini wandon noma, ki sa masa kari, ko dawa za ta ƙame mini."

Sai yaƙin basasa ya zo. Mu ba mu ji harbi ba, a rediyon zaure muka san shi, inda dattawa ke taruwa da la'asar Baba na yi musu bayanin abin da ake nufi da bataliya. Yaya Babba yana cikin na farko da aka tura. A lokacin kyaftin ne, bai kai talatin ba, bai yi aure ba. Wasiƙa biyu muka samu daga gare shi, gajeru, kamar rahoto.

Wata rana da hantsi muna bayan gida ni da Inna muna wanke kalwa za a yi daddawa, sai muka ji ƙarar mota ta tsaya a ƙofar gida, abin da ba a saba ba. Na leƙa na ga Landiroba, da wani hafsa yana cire hula kafin ya shiga zaure, sojoji biyu na sauke akwatin ƙarfe. Akwatin na sani, ni na sha goge shi. Can sai muka ji muryar Baba, ba rawa a cikinta ko kaɗan, yana cewa, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Inna ba ta ɗaga kai ba. Ta ci gaba da murza kalwa a cikin ruwa, tana murza, tana murza, har fatar yatsunta ta saɓule. Mata suka cika gida suna kuka, ita kuwa sai ta ce, "Allah ya jiƙan musulmi," ta tashi ta shimfiɗa musu tabarmi. Ɗan fari ne, ko a mutuwa al'ada ba ta sake ta ba.

A kwana na uku na zaman makoki ne aka yi maganar da ta ƙarasa gidanmu. Wani tsohon soja abokin Baba ya ce, "Samanja, sai haƙuri. Allah ya bar maka ɗaya." Baba ya ce, "Soja dai ya ƙare a gidan nan." Na shigo da butar ruwa, na ji da kunnena. Yaya Ƙarami na zaune a gefen tabarma, a lokacin ya gama karatunsa yana jiran a kira shi aikin gona. Na ga ya sunkuyar da kai, ya daɗe bai ɗago ba.

Bayan sadakar arba'in ya goya ni a keke za mu Kaboji ɗebo gyaɗa. Mun yi nisa, sai ya tsaya ƙarƙashin wata ɗorawa ya ce in sauka mu huta. Ya ce, "Auta, zan faɗa miki magana, amma sai kin yi mini alkawari ba za ta fita ba."

Na ce na yi.

Ya ce, "Na ba da sunana. Ana ɗaukar masu ilimi a yi musu horon 'yan watanni su fito hafsoshi."

Na ce, "Yaya, kai da ko kaza ba ka iya yankawa?"

Ya yi dariya, amma ba irin tasa ba. Ya ce, "Kin ji abin da Baba ya faɗa. Ɗansa ya mutu, an bar masa manomi. Tun ranar bai dube ni ido cikin ido ba. Kuma ko ba komai, ina so in ga inda aka sa Yaya. Akwati aka kawo mana, Auta. Akwati."

Na yi kuka, na roƙe shi, ya saya mini rake a hanya kamar wata ƙaramar yarinya. Na riƙe alkawarin. Sati biyu ina kwana ina tashi da maganar a cikina, ina kallon Inna tana zuba masa tuwo, ban ce uffan ba. Sai da takardar kira ta iso sannan gida ya sani.

Baba ya kira shi tsakar gida, gaban kowa. Ya ce, "Wa ya aike ka?"

Ya ce, "Kai ka ce soja ya ƙare a gidan nan, Baba."

Baba ya dafa bango. Ya ce, "Kai, Sani. Hukunci na yanke, ba gori na yi maka ba. Cewa na yi ya isa. Na ba da ɗaya, ya isa. In ban dube ka ba, tsoro nake ji, don in na dube ka shi nake gani a kwance."

Yaya Ƙarami ya durƙusa, hawaye na zuba, ya ce, "Ban gane haka ba. Amma an riga an rubuta suna."

A nan Inna ta fito, ita da ba ta taɓa ɗaga murya gaban Baba ba. Ta ce, "Malam, ana jin maganarka. Ka je ka ce a cire. Ka ce musu ka ba da ɗaya. Ban taɓa roƙonka komai ba."

Washegari Baba ya sa tsohon kakinsa, ya jera lambobinsa na Bama a ƙirji, ya ɗauki sanda ya nufi ofishin da ake ɗaukar sojan. Muka zauna jira. Bai dawo ba sai bayan azahar. Ya zauna a bakin rijiya ya cire hula, ya ce, "Na je. Na tarar da 'ya'yan mutane a layi, har da na mai kiran sallarmu, shi ma ɗaya gare shi. Suka ganni suka miƙe suna cewa ga Samanja. Na kai bakin ƙofa, bakina ya ƙi buɗewa." Inna ta dube shi tsawon lokaci, ta juya ta shiga ɗaki. Daga ranar ba ta sake yi masa magana ba. Ba faɗa, ba yaji, tana dafa abincinsa kamar kullum, amma ni ke kai masa akushi zaure, ni ke ɗauko shi.

Yaya Ƙarami ya zo mana kwana uku bayan horo, da anini ɗaya a kafaɗa, kakin ya yi masa yawa a wuya. Wannan karon Baba bai ƙame ba. Ya kama hannunsa da hannu biyu ya zaunar da shi kusa da shi, suka wuni yana tambayarsa yadda ake auren mangwaro, abin da bai taɓa tambaya ba. Ranar tafiya muka raka shi tasha. Ya leƙo ta jikin lori ya ce, "Auta, ki gaya wa Kawu kada ya sayar da irin gyaɗar nan, ina zuwa."

Wasiƙunsa dogaye ne. Yana ba da labarin ruwan sama da ba ya ɗaukewa, da itatuwan kwakwar manja, da yadda mutanen can ke tada kunyar doya har ƙugu. Ya ce ya ga yara da yunwa ta cinye, ya kasa barci kwana biyu. Ya ce ya tambaya, ba wanda ya iya nuna masa kabarin Yaya Babba. Kowace wasiƙa sau biyu nake karanta ta, sau ɗaya a zaure, sau ɗaya a ɗakin Inna.

Saura 'yan watanni yaƙi ya ƙare, masinjan gidan waya ya kawo takarda. Ba mota wannan karon, ba akwati. Baba ya miƙo mini ya ce, "Karanta." Da Turanci take, layi uku. Na karanta a zuci, na kasa ɗago kai. Ya ce, "Da ƙarfi, ki fassara." Na fassara. Inna na bakin ƙofar tsakar gida, ashe ta biyo masinjan da ido. Ta saki ƙwaryar da ke hannunta, ta ƙwalla kira da muryar da ban san tana da ita ba: "Sani! Muhammadu! Muhammadu!" Ranar ce kaɗai na ji sunan a bakinta. Kukan mutum biyu ta yi a rana ɗaya.

Bayan an share makoki na kasa riƙe abin da ke cikina. Na sami Baba shi kaɗai na ce, "Baba, na sani tun sati biyu kafin takardar kira ta zo. Da na faɗa, da an hana shi." Ya ce, "Ke sati biyu kika yi shiru. Ni shekara ashirin na yi ina magana. Tashi, 'yata, ba naki ba ne." Na tashi, amma ga shi na tsufa, ban gama sauke shi ba.

Ranar da aka ce yaƙi ya ƙare gari ya ɗauki guɗa da kiɗa, mu muka tura ƙyaure. Sojoji suka riƙa dawowa, wasu da rediyo a kafaɗa, wasu da sanda. Baba ya daina zaman la'asar, ya ba da rediyonsa kyauta.

Da damina ta zagayo, wata rana da hantsi wani baƙo ya yi sallama. Baƙi ne gajere, ɗan ƙabilar Tibi, hannunsa na hagu ya tsaya a gwiwa. Ya ce shi kofur ne, a ƙarƙashin Yaya Ƙarami ya yi yaƙi, kwana biyu ya yi a hanya yana tambayar gidan Samanja. Hausarsa ta bariki ce, ba ta bambanta mace da namiji, amma ba kalmar da ta ɓace mana. Baba ya zaunar da shi a zaure, ni na tsaya bakin ƙofa, Inna na bayana a jikin bango.

Ya ce da safe ne, suna bin wata hanya cikin kurmi, oga, wato Yaya Ƙarami, na gaba domin ba ya yarda ya tura yara inda shi bai taka ba. Harbi ɗaya ne, a ƙirji, bai daɗe ba. Ya ce su suka haƙa masa da hannunsu ƙarƙashin wata bishiyar kashu, suka nemo musulmi uku a cikinsu suka yi masa salla, suka juya fuskarsa gabas. Baba ya tambaye shi ko yaran sun fita lafiya. Ya ce duka sun fita. Ya tambaye shi ko ɗansa ya yi salati. Ya ce ya ji yana faɗin abin da musulmi ke faɗi. Baba ya gyaɗa kai, ya ce, "To. To."

Sai na ji an taɓa kafaɗata. Inna ce. Ta ce a hankali, "Tambaye shi, ya ci abinci ranar?"

Na tambaya. Mutumin ya tsaya tunani, kamar ba ya so ya faɗi abin da bai tabbatar ba. Sannan ya ce, "Ya ci, Mama. Mun samu doya guda a wani gona, mun gasa. Shi ya raba. Ya ce doyan bai kai na gida ba, amma wanda ya shuka ya iya noma."

Inna ta yi wani sauti, tsakanin dariya da kuka. Ta ce, "Shi ne. Wallahi shi ne." Ta goge fuska da gefen zane, ta nufi madafa.

Ta tuƙa tuwon dawa, ta yi miyar kuka da man shanu, ta zuba akushi biyu. Na miƙa hannu zan ɗauka kamar yadda na saba, ta ce in bari. Ta yafa mayafi ta ɗauka da kanta, ta shiga zauren da rabonta da shi tun kafin a haife ni. Ta ajiye ɗaya gaban baƙon ta ce, "Sannu da hanya, ɗana." Ta ajiye ɗayan gaban Baba, ta buɗe masa faifan. Baba bai motsa ba, yana kallon hannunta.

Ta ce, "Malam, ka ci tun da zafi."